Malafa a Kan Gadon Nonna Gelinda

Duk wanda ya taɓa cin biki a wajenmu, can bayan garin Ingham inda rake ke tafiya har gindin duwatsu, ya san Glenn Musumeci da abu guda. Ba noma ba, ko da yake yana taɓawa daidai gwargwado. Kwaikwayon kakansa. Da an ci an sha, maza sun fara sassauta bel, sai ka ji wani daga ƙarshen tebur ya ce, "Glenn, yi mana Nonno." Shi kuwa ba ya jan aji. Sai ya rage tsawo, ya turo ciki, ya tattara yatsunsa wuri guda ya ɗaga su gaban hanci, ya yi ɗan tarin nan biyu da tsohon ke yi kafin ya buɗe baki, sannan ya saki Turancin kakan nasa, Nonno Orazio.

Turanci ne, amma an yi masa wanka da ruwan Sisili. Kowace kalma sai an ɗaura mata 'yar jela a ƙarshe, murya ta hau ta gangaro kamar ana lilo, harshe yana karkarwa a bayan haƙori, hannu kuma yana ƙarasa abin da baki ya bari. Mutane su yi ta dariya har da share hawaye. Shi Glenn ɗin bai iya Italiyanci ba, in ban da sunayen abinci da zagi biyu-uku. Turancinsa irin na 'yan ƙasar nan ne, ta hanci, baki a tsuke kamar mai tsoron ƙuda ya faɗa.

Abin da ya sa kwaikwayon ke cin mutane, duk mun san da wannan Turancin Orazio ya yi zaman aurensa kaf. Shi ɗan tsibirin Sisili ne, can kudancin ƙasarsu, daga gindin dutse mai aman wuta. Matarsa Gelinda 'yar arewacin ƙasar ce, daga duwatsun Veneto masu ƙanƙara. Ba wanda ya yi nisa a makaranta cikinsu, kowa da yaren ƙauyensu ya sauka daga jirgi. In ya yi nasa, ta ce kare ke haushi. In ta yi nata, ya ce tsuntsu ke kuka. Sai suka haɗu a tsakiya, a Turancin masu yankan rake. Da shi ya neme ta, da shi suka raini 'ya'ya, da shi suka yi faɗan shekara hamsin da ɗoriya. Yana ce mata Ƙanƙara, tana ce masa Gawayi. Sai fa in ranta ya kai maƙura, nan take sai ta yar da Turanci ta koma yaren duwatsunsu. Da ta fara, Orazio ba ya tankawa. Ya zare malafarsa daga ƙusar bayan ƙofar kicin, ya kifa a kai, ya shige cikin rake, sai gida ya huce ya dawo.

Akwai kuma wani tsohon miki tsakanin kakan da jikan. A al'adarmu jikan fari namiji sunan kakansa yake ci. Amma mahaifin Glenn ya sha duka a makaranta saboda sunansa, ya rantse ɗansa ba zai sha ba, ya raɗa masa sunan Turawan ƙasar nan. Orazio bai je coci ranar baftisma ba. Har ya mutu bai taɓa kiran sunan ba, sai dai "kai, yaro."

Sau ɗaya ya kama Glenn yana kwaikwayonsa, a wani bikin aure. Wuri ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai cikin farantinsa. Tsohon ya tako a hankali, ya dafa kafaɗar jikan, ya dube shi daga sama har ƙasa kamar mai taya doki.

"Ka iya," in ji shi. "Riƙe min shi da kyau, yaro. Kar ka bari ya yi tsatsa."

Aka fashe da dariya, aka ce tsoho ya san wasa. Shi dai bai yi dariya ba.

Ya rasu a farkon yankan rake, a shekarun da ake ƙona gona kafin a yanka, baƙar toka tana sauka kan shanyar mata. Aka sa shi a ɗakin kabarin da ya gina da hannunsa, mai gurbi biyu, hoton Gelinda ma tuni yana manne a gefen nasa yana jira. Aka dawo gida, Nonna Gelinda ta hau gado, ta juya wa bango fuska, ta daina cin abinci.

Zia Santina, ƙanwar mahaifin Glenn, wadda ke zaune da tsohuwar, ita ta tare Glenn ɗin a bakin gona, ta ɗaga wa taraktarsa hannu kamar 'yar sanda.

"Kai, mai bakin aku, sauko."

"Zia, ina cikin aiki."

"Kakarka ba ta sa komai a cikinta sai ruwa. Likita ya zo, Fada ya zo daga coci, ni na yi lallashi na yi zagi. Kai ka rage."

"Ni likita ne?"

"Kai aku ne. Za ka tsaya a baranda bayan taga ka ce mata ta ci. Yanar ido ta rufe mata gani, inuwa kawai take gani. Mutum ɗaya take jin maganarsa a duniya, shi ma don ta musa masa ne."

"Haba Zia. Mutumin nan ko simintin kabarinsa bai gama bushewa ba."

"A biki kana yi don 'yan maye su ji daɗi. Yau da abin zai yi amfani ne kunya ta kama ka? In ta mutu da yunwa, kai za ka tsaya ka yi wa mutane bayani, da wannan Turancin naka na hanci."

Da tsakar rana ya tsaya a baranda, zufa tana bin bayansa. Ta tsakanin gilasan taga yana hango ƙaramin tudun da Nonna ta zama a ƙarƙashin zanen gado, da farantin tuwon masara da miyar tumatir a gefenta, ba a taɓa ba. Ya yi tarin nan biyu.

"Ƙanƙara. Me nake gani? Tuwo yana sanyi, ke kina kwance kamar matar gwamna?"

Shiru. Har ya fara jin kunyar kansa. Sai tudun ya motsa.

"Wa ya tambaye ka, Gawayi? Tuwonka ne?"

"Masarata ce. Icena ne."

"Masararka. Kai da ba ka san tuwon masara ba sai da na aure ka? Kuna can kuna gwaguyar busasshen kifi da 'ya'yan ƙaya, na zo na mai da kai mutum."

Glenn ya jira ta gama, ya ce, "Ci, mace."

"Zan ci don na ga dama, ba don ka ce ba."

Sai ga ƙarar cokali a faranti. Zia Santina tana bakin ƙofa ta toshe baki da gefen rigarta. Glenn ya sauka daga baranda yana dariya, ya isa tarakta ya tarar hawaye ne ke zuba masa.

Tun daga nan abin ya zama aikinsa na kullum. Rana ta take tsaka, ya kashe inji, ya zo taga, a yi faɗa, Nonna ta ci. Kumatunta suka fara dawowa. Wata rana ta ce, "Yau kuma ina malafar? Ko ka sayar ka sha giya?" Zia ta ruga kicin ta zaro ta daga ƙusa, inda take rataye tun ranar rasuwa, ta kifa wa Glenn a kai.

"Inuwarka take gani, dole inuwar ta cika," ta raɗa masa. "Amma ka kiyaye. Kar ka kuskura ka ajiye ta kan gado."

"Zia, har yau kunnena bai manta ba."

Yana ɗan yaro ya taɓa jefa hularsa ta makaranta kan gadon kakanni, Nonno ya murɗe masa kunne har ya ga taurari. Mu ba ma ɗora hula a gado. Fada ne ke yin haka, in ya shigo yi wa mai mutuwa addu'ar ƙarshe ya rasa inda zai ajiye tasa. Orazio kuwa ya fi kowa riƙo da wannan. Zai yarda ka zage shi, bai yarda ka sa hula a gado ba.

Malafar ta zauna wa Glenn daram, kamar da kansa aka auna. Tana warin taba da tsohuwar zufa da tokar rake. Tun da ya sa ta, muryar ta daina zama aiki. Da, sai ya shirya, ya nemo ta, ya gyara maƙogwaro. Yanzu yana buɗe baki take fitowa, har ma ya ga kamar tana jiransa a bakin ƙofa tun kafin ya iso. Ranar nan Nonna tana tsakiyar zayyano laifuffukan Sisilawa, sai ya ji bakinsa ya tari numfashinta, ya katse ta da wata baƙar magana da bai shirya ba. Ta juyo da fuska wajen taga. Sannan ta ci gaba da ci, a hankali.

A gidan mai ne aka fara gaya masa. Merv mai wurin, wanda ya san shi tun yana rarrafe, ya miƙo masa makulli yana murmushi.

"Ba biki ake ba, Glenn. Ko atisaye kake?"

"Atisayen me?"

"Tun da ka sauko daga mota tsohon Orazio ke yi min ciniki. Har tsigar jikina ta tashi."

Glenn ya yi dariya, ya ce wasa ne. Amma a hanya ya yi ta lalube a ransa, bai tuna sanda ya fara ba.

A gida matarsa Leanne ta ajiye cokali a teburin cin abinci.

"Ka daina. Ba dariya a ciki."

"In daina me?"

"Ka ji, ka sake. Gishiri ka ce in miƙo maka, Glenn, kuma kakanka ne ya ce."

'Yarsu Bianca, mai shekara huɗu, wadda kullum a cinyarsa take cin abinci, ta zame ƙasa ta zagaya ta laɓe bayan kujerar uwarta. Ya miƙa mata hannu. Ta ƙi.

"Mama, ki ce wa tsohon nan ya tafi gidansu. Ina Babana?"

"Ga ni nan, 'yar Baba," in ji shi. Ya ji yadda ta fito, da lilon, da 'yar jelar. Yarinyar ta cusa fuska a jikin uwarta.

Washegari a tsakiyar gona, inda ba mai jinsa sai shamuwa masu bin tarakta, ya kashe inji ya gwada. Ya faɗi sunansa. Ya faɗi sunan matarsa da na 'yarsa, da na ƙungiyar ƙwallon da yake so. Muryarsa ta zo, amma a makare, da nauyi, kamar ƙafar da aka daɗe da zama a kanta. Da safe takan zo da wuri. In rana ta ɗaga sai ya yi ta kira. Bayan ya dawo daga taga kuwa, sai can yamma, wani lokaci ma ba ta zuwa.

Duk da haka ya je. Me zai ce wa Zia? Nonna ta fara zama da kanta, har tana neman a ƙara cuku. Ranar ana cikin faɗan da aka saba, sai muryar ta sauka ƙasa-ƙasa, irin yadda Glenn bai taɓa jin kakansa ya yi ba, balle ya kwaikwaya.

"Ƙanƙara. Ranar da sojoji suka kwashe mu baƙi a mota lokacin yaƙi, kin biyo mu da gudu ba takalmi har gadar rafi, da malafata a hannu. Na gan ki. Na yi kamar ban gani ba, don kar in yi kuka gaban Turawa."

Ƙarar cokali ta tsaya cak.

Zia Santina ta biyo shi har gindin mangwaro, fuskarta kamar an watsa mata gari.

"Ina ka ji wannan?"

"Ba ke kika gaya min ba?"

"Ni ban taɓa ji ba. Mahaifinka ma bai sani ba." Ta yi alamar gicciye. "Ka ce wani abu da muryarka."

Ya buɗe baki. Ya rufe. Ya cire malafar ya miƙa mata, ya hau tarakta.

Ya daina zuwa. Nonna ta daina ci. Muryar kuwa ba ta daina komai ba. Ya koma magana da kai da hannu, a gona da gida, don in ya saki baki ya san wanda zai fito. Rana tana take tsaka sai ƙafafunsa su fara ƙaiƙayi, ya tsinci kansa ya juya tarakta ya nufi gidan kakanni, sai ya taka birki ya riƙe sitiyari da hannu biyu har abin ya wuce. Ya fara zuba sukari cokali uku a kofi, shi da ba ya sha da sukari. Bianca in ta ji takunsa sai ta shige ƙarƙashin gado.

Leanne ce ta yanke magana, wata safiya tana ninke kayan yarinya cikin jaka.

"Ka je ka gaya mata. Ka tsaya gabanta ba malafa, ka ce, Nonna, ni ne Glenn, tun farko ni ne. Za mu raka ka, mu jira a waje. In ka fito da muryarka, mu dawo gida tare. In ba haka ba, ni da Bianca mun wuce Townsville wurin mamata. Ba fushi nake ba, Glenn. Yarinyar ba ta barci."

Ya gyaɗa kai.

Suka tsaya gindin mangwaro, uwa da 'ya. Glenn ya hau matakalar baya yana maimaita maganar a zuci, ni ne Glenn, ni ne Glenn. Gidan tsit, sai kukan fanka. Baƙar toka daga gonar maƙwabta ta kwanta a baranda, ba a share ba. Ya shiga kicin da niyyar wucewa kai tsaye. Yana kallo hannunsa na dama ya miƙe, ya zare malafar daga ƙusa, ya kifa masa a kai.

Daga nan ya zama kamar wanda aka tura kujerar baya a motarsa, wani ya karɓi tuƙi. Yana gani, yana ji, ba ya iya taɓa komai. Kafaɗunsa suka ranƙwafa. Ƙafarsa ta hagu ta fara ɗan ja, irin na tsohon. Bai nufi baranda ba. Ya tura ƙofar ɗakin Nonna, inda bai taɓa shiga da muryar ba, ya wuce Zia Santina da ke zaune da faranti a cinya, ya tsaya a ƙafar gado. Ya yi tari biyu. Sannan ya cire malafar a hankali, ya ɗora ta kan zanen gado, daidai ƙafafun tsohuwar.

Farantin ya suɓuce daga hannun Zia.

"Glenn, ka haukace? Ɗauke."

"Rabu da shi, Santina," in ji Nonna. Ba ta ko juyo ba. "Ba Glenn ba ne. Glenn yana da kunne, ya san abin da aka yi wa kunnen." Ta laluba da ƙafa ta taɓo malafar. "To, Gawayi. Ka shigo ke nan."

"Na shigo."

"Mama," in ji Zia, "ni na sa shi. Tun farko yaron ne a taga, ni na—"

"Kina tsammani yanar ta rufe min kunne ne? Kwanakin farko na san Glenn ne. Ya iya, Allah ya sani ya iya. Amma yaron yana da tarbiyya, yana jira in gama magana kafin ya amsa. Ubanki tun da nake da shi bai taɓa bari na kai ƙarshen zance ba. Na ci ne don kar in kunyata ɗan mutane, yana tsaye cikin rana yana wahala. Ranar da aka katse ni a tsakiyar magana, na ce to, ga ɗan banzan ya iso."

"Kuma ba ki ce komai ba?"

Tsohuwar ta sake taɓo malafar da ƙafa. "Ina so in ji shi," ta ce. "Ban tambayi inda yake tsaye ba."

"Surutu ya isa," in ji bakin Glenn. "Tashi mu tafi, Ƙanƙara. Wurin can shiru ya yi yawa. Duk abin da na faɗa ba mai musa min. Gurbinki na nan, da hannuna na shafe shi."

"In na ce ban shirya ba fa?"

"Sai in jira a nan. Wurin ba laifi. Gwiwa ba ta ciwo, haƙora duk suna nan."

"Ba gidanka ba ne."

"Nawa ne. Sunana ya kamata ya ci. Sun hana ni suna, na ɗauki baki."

Daga can waje, ta taga, Glenn ya jiyo Bianca tana tambayar uwarta ko Baba ya kusa fitowa. Ya yunƙura da duk ƙarfinsa ya amsa. Ko leɓensa bai motsa ba.

Nonna ma ta ji. Ta juyo da fararen idanunta wajen taga, ta daɗe, sannan ta mai da su kan inuwar da ke ƙafar gado.

"Bari in ji jikana."

"Yana barci."

"Orazio. Bari in ji jikana."

"Na ce yana—"

Sai ta dafa katifa ta tashi zaune, matar da sai an ɗaga ta. Ta gyara ɗankwalinta. Ta buɗe baki, kuma ba Turanci ne ya fito ba. Yaren duwatsunsu ne, mai gajerun kalmomi masu kaifi kamar ana saran ice, wanda ba a ji a gidan ba tun kafin rasuwa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta yi ta zuba shi, yatsa a miƙe, ba ta tsaya shan numfashi ba. Glenn bai gane ko kalma ɗaya ba. Amma ya ji abin da ke cikinsa ya ja baya, ya ji muƙamuƙin da ya buɗe don ya katse ta ya rufe da kansa. Hannun ya miƙe ya ɗauki malafar daga gado. Ƙafafun suka juya.

Ya fita ta kicin, ya sauka matakala, ya wuce Leanne da Bianca bai dube su ba, ya tsallaka 'yar hanya, ya kutsa cikin rake.

Wanda bai taɓa shiga raken da ya isa yanka ba bai san yadda yake rufe mutum ba. Ya fi ka tsawo ninki biyu, ganye yana yankar fuska, ba iska, ba ka ganin komai sai kara. Glenn bai san nisan da aka yi da shi ba. Ya dai farga yana tsaye shi kaɗai, hannuwa duk ƙarce, numfashi sama-sama, kansa ba komai. Malafar tana gabansa, rataye a kan wani karan rake, tana ɗan lilo. Ganyen da ke kewaye da ita ko motsi ba ya yi. Can gaba kaɗan ya ji ana ratsa rake, a hankali, da jan ƙafa ɗaya, ana nisa.

Bai taɓa malafar ba. Ya juya ya bi hasken rana har ya fito.

Leanne tana bakin hanya, jaka a kafaɗa, Bianca a bayan ƙafarta, ido ɗaya a waje. Glenn ya durƙusa cikin ƙura. Yana tsoron bakinsa kamar yadda mutum ke tsoron ɗaga buhun da maciji ya shiga ƙarƙashinsa.

"Bianca. Zo nan, 'yar ƙwaro."

Ta hanci ta fito, a tsuke, ba lilo, ba jela, mummunar muryarsa ta kullum. Yarinyar ta leƙo da ido na biyu.

"Baba, ina ka je?"

"Cikin rake."

"Ka daɗe," in ji ta, ta zo ta haye wuyansa.

Da suka shiga, Nonna tana zaune ta sa Zia ta sake zubo tuwo, tana ƙorafin an cika ruwa a miya. Ta sa Glenn ya yi magana, ta sa ya sake. Ta ce, "Kai, muryar nan ba daɗi. Riƙe abinka."

Zia Santina, wadda ke tsintar yaren uwarta, ba ta yarda ta faɗi abin da ta ji ba sai a kicin, tana wanke faranti ɗaya sau ba adadi.

"Rabi zagi ne, har da uwarsa da ƙauyensu. Sauran ta ce ya sake ka, ya je ƙarshen gona ya jira kamar yadda ya saba. Ta ce ba za ta tafi ana tsakiyar yanka ba, gida cike da aiki. In an kai karan ƙarshe injin sukari, ya zo, za ta tashi."

"Ai ba ya jin yarenta," in ji Glenn.

"Yana ji sarai," Nonna ta amso daga ɗaki, baki cike da tuwo. "Tun shekarar farko yake ji. Me kuke tsammani ke fitar da shi?"

Ta ci abinci a watannin nan kamar mai yankan rake. Ta sa aka kawo mata Bianca kullum, tana koya mata murza taliya da lalube. Ba wanda ya sake zuwa taga. Gonar da Glenn ya shiga aka cinna mata wuta kamar kowace, ta ƙone ƙurmus, inji ya bi ya share ta har ƙasa.

Ranar da injin sukari ya busa jiniyar rufe shekara, Glenn yana can bakin layin dogo da abokan aikinsa, suna ta surutu da shewa an gama. Zia Santina ta kai wa uwarta kofin hantsi. Ta tarar da ita kwance, ɗankwali a gyare, takalman zuwa coci a ƙafa, ta riga ta yi sanyi. Malafar tana kan gado, daidai ƙafafunta, ko baƙin wuta babu a jikinta.

Tare aka sa su a gurbin, ita da malafar. Zia ta ce ba za ta sake kwana gida ɗaya da ita ba.

Har yau a biki, in an ci an sha, akan sami wani baƙo ko wani ɗan maye da bai san zancen ba, ya ɗaga kofi ya ce, "Glenn, yi mana Nonno." Sai tebur ya yi tsit. Glenn, wanda yanzu shi ma kansa ya yi fari, yakan yi murmushi ya girgiza kai.

"Na mayar wa mai shi," yakan ce, ta hanci, a hankali, yana sauraron kowace kalma har ta gama fita.